Wankin Inji: Iska, Bokiti, Injin Feshi ko Kananzir, Wanne Ya Dace da Motarka?

Duk wanda ya ɗaga bonet a Birnin Kebbi ko Jega cikin watan Janairu ya san abin da zai tarar: jar ƙura ta lulluɓe komai, tun daga kan batir har murfin inji. Hunturu ya kawo tasa, hanyoyin ƙauye sun ƙara tasu, damina kuma idan ta zo da laka take zuwa. Yawancin masu mota sukan ce wa yaron wanki, "Haɗa har da inji," shi kuma ya juya bakin tiyo ya yi ta feshi har komai ya yi ƙyalli. Wata motar ta tashi lafiya lau. Wata ta tashi tana rawa, wata kuma sai an nemo mai wayarin.

Hanyoyi huɗu ake bi a wajenmu: busa iska da goge-goge ba ruwa, wanki da hannu da ruwa kaɗan, injin feshi mai ƙarfi na wurin wankin mota, da kuma kananzir ko gas (wato dizal) ko fetur. Kafin ka zaɓi ɗaya, sa yatsa ka shafi dattin. Idan ya tashi kamar gari, ƙura ce zalla. Idan ya manne a yatsa baƙi ƙirin, ƙura ce da ta haɗu da baƙin mai ko man sitiyari da ke yoyo. Idan ya bushe ya yi ɓawo a ƙasa-ƙasa, laka ce. Kowanne da maganinsa, kuma sau da yawa ɓarnar da ake gani a gareji bayan wanki takan samo asali ne daga yi wa ƙura wankin da laka kaɗai ke buƙata.

Ƙurar da ta kwanta a kan murfin roba ba ta cutar da inji, ido kawai take damu. Inda datti ke da illa wurare ne sanannu: haƙoran lagireto da na kwandensan AC, inda yake toshe iska mota ta riƙa zafi, saman batir, inda datti mai danshi ke jan wuta a hankali tsakanin kawunan biyu, bakin murfin zuba mai da sandar awon mai, inda yashi ke faɗawa ciki, sai kuma maiƙon da ya zuba kusa da manifol ɗin hayaƙi, wanda zai iya kama wuta.

Iska da tsumma

Wannan ita ce hanyar da ta dace da yawancin motocin da ke yawo a Kebbi, kuma ita aka fi rainawa don ba ta sa inji ƙyalli. Kayan aikinta kaɗan ne: buroshin fenti mai faɗin inci biyu, tsohon buroshin haƙori, tsumma uku ko huɗu na auduga, da iska. Iskar kuwa akwai ta wajen mai faci. Ka ce masa ya fara buɗe mafitar ƙasan tankin kwamfiresa ya zubar da ruwan da ya taru, domin tankin da aka daɗe ba a tsiyaye ba ruwa mai tsatsa yake fesowa tare da iskar.

A bar inji ya huce. A tabbata murfin mai, sandar awo da akwatin matatar iska duk a rufe suke. Kada a cire matatar a lokacin da ƙura ke tashi, don kai tsaye ƙurar za ta shige bututun shan iska. A karkaɗe da buroshi daga sama zuwa ƙasa, a bi da iska daga nesa da kamar taƙi guda, ana kora ƙurar waje. Kada a dasa bakin iska a kan soket, saboda yana iya tura yashi ya wuce robar da ke tsare shi. Daga nan sai a jiƙa tsumma da ruwan sabulu, a matse shi sosai, a goge murfi, tiyo da jikin ƙarfe. Mai aikin ya rufe hanci da ido. Minti ashirin zuwa talatin sun isa, kuma ana iya maimaitawa duk wata a lokacin hunturu ba tare da fargabar komai ba.

Lungunan da ke ƙasan gilashin gaba ma a leƙa su. Can ne ganye, ƙaiƙayin shinkafa da ciyawa ke taruwa, musamman a motocin da ke shiga fadamun Argungu da Suru lokacin girbi. Idan ramukan tsiyayar ruwan wurin suka toshe, ruwan sama ya taru ya gangara cikin mota. A Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, a wannan lungun ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, take zaune. Ɓeraye ma a irin wannan tarkace suke sheƙa, daga nan su shiga cin waya.

Iyakar wannan hanya ɗaya ce: ba ta iya maiƙo mai kauri. Idan mai ya daɗe yana zuba har ya yi dabe, tsumma shafe shi kawai zai yi.

Wanki da hannu, ruwa kaɗan

Idan akwai maiƙo, nan ya kamata a tsaya. Aikin ya fi cin lokaci, awa ɗaya da rabi zuwa biyu har da bushewa, amma kai ke iko da inda kowane ɗigon ruwa zai sauka.

Farko dai zafi. Ruwan lagireto yana aiki ne a wajen digiri 90, manifol ɗin hayaƙi kuwa yana haura digiri 400 idan mota ta yi tafiya. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai wannan zafi yana sa gefe ɗaya ya tsuke farat ɗaya alhali ɗayan na nan a buɗe, daga nan tsagewa ke farawa. Motar da ta taso daga Yauri ko Kamba ta tsaya, a ɗaga bonet a ba ta aƙalla awa guda, a bazara ma fiye. Gwajin shi ne ka iya ɗora bayan hannunka a jikin inji ka bar shi ba tare da ka janye ba. Ɗumi kaɗan yana taimakawa wajen narkar da maiƙo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe a inuwa, don rana tsaka sabulu bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya bar farin tabo.

Sai batir. A kashe mota, a zare makulli, a kwance kan da ke da alamar ragi tukuna, yawanci da sifana mai lamba 10. Dalilin fara shi: idan ka fara da kan tarawa, sifanar ta taɓa jikin mota, tartsatsi ne zai tashi. Cire batir yana da wata fa'ida, domin a wasu motocin kamar Golf da Peugeot fankar lagireto tana iya tashi da kanta ko da mota a kashe take, hannu kuma yana ciki. Sai dai a sani, wasu rediyoyin za su nemi lambar sirri bayan an mayar, agogo zai goge, wata motar kuma za ta ɗan yi rawa na 'yan mintuna kafin ta daidaita.

Abubuwan da za a rufe da leda a ɗaure da roba ko salatif su ne altaneta, akwatin fiyus, bakin bututun shan iska, distiributa a motocin da ke da ita, kafireto a tsofaffi irin su Peugeot 504, da ƙwaƙwalwar mota idan a ƙarƙashin bonet take. Wannan ya bambanta ko a gida ɗaya: Corolla ta 2003 zuwa 2008 tata tana cikin mota bayan akwatin gaban fasinja, ta 2009 zuwa sama kuwa tana gefen inji kusa da matatar iska. Peugeot 406 ma a akwati take a ƙarƙashin bonet. Duk wata wayar da mai wayarin ya taɓa yankewa ya naɗe da baƙin tef, a ɗauke ta a matsayin buɗaɗɗiya, a rufe ta. Haka wayoyin ƙarin fitila, ƙaho da na'urar tsaro da aka sa daga baya.

Batun sabulu akwai abin lura. Mafi kyau shi ne maganin cire maiƙo da ake sayarwa a shagunan kayan mota, wanda ake gaurayawa da ruwa. A bi abin da aka rubuta a jikin robar, yawanci kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu zuwa goma, gwargwadon kaurin dattin. Idan babu, sabulun ruwa na wanke kwanuka, babban cokali biyu cikin lita huɗu, yana yin aiki a maiƙo mara kauri. Omo yana wankewa, amma yana barin fari-fari a jikin alminiyum, garinsa kuma yana maƙalewa a lungu. Sodar da ake haɗa sabulu da ita kuwa kada ta kusanci inji ko kaɗan: cin alminiyum take yi, ga shi kan silinda, jikin altaneta da lagireton motocin yanzu duk alminiyum ne.

A fesa maganin a inda maiƙo yake kawai, a bar shi minti uku zuwa biyar, a cuɗa da buroshi, a ɗauraye. Wajen ɗauraya, gorar ruwa da aka huda murfinta ta wadatar, ko buta. Injin feshi na goyo mai lita 16 irin na manoma ya fi kowanne daɗin aiki, amma sabo, ko wanda bai taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Lita goma zuwa sha biyar sun ishi injin ƙaramar mota. A yi gefe-gefe, a gama ɗaya kafin a koma ɗaya. Saman inji inda kwayil suke a bar wa tsumma.

Wannan wurin ya cancanci ƙarin bayani, don shi ne ya fi kai motoci gareji bayan wanki. A injin Corolla, Camry da Accord na zamani, kowane fulogi yana can ƙasan wani rami mai zurfi, kwayil ɗinsa a kansa, da 'yar roba da ke rufe bakin ramin. Zafin shekaru yana busar da robar. Ruwa ya sami hanya ya kwanta a gindin fulogi, ba shi da mafita. Wutar da kwayil ke bayarwa dubban bolt ce, sai ta bi ruwan ta tsallaka jikin inji maimakon ta kunna mai. Abin da direba zai ji shi ne rawa da rashin ƙarfi, na'urar bincike kuma ta nuna lamba P0300, ko P0301 zuwa P0304 gwargwadon silindar da abin ya shafa. Wani lokaci ba a ranar zai nuna ba, sai washegari. Motocin da aka shigo da su ta Kwatano, waɗanda suka sha sanyi da gishirin hanya a Turai ko Amurka sannan suka zo suka sha zafinmu, robobinsu da soket ɗinsu sun fi saurin tsagewa.

Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, babban cokali ɗaya na bakin soda irin ta masu yin kek cikin kofin ruwa yana kashe shi. A shafa da buroshin haƙori, a bari ya gama kumfa, a goge, kada ya shiga ramukan batir. Bayan an ɗaure kawunan a shafa musu giris ko basilin kaɗan.

Bushewa rabin aiki ce. A cire ledojin, a bi soket da lunguna da iska, a tsane da tsumma, a bar bonet a buɗe minti talatin zuwa awa ɗaya. A hunturu iska busasshiya ce, nan da nan ake gamawa. A Agusta sai an ƙara haƙuri. A mayar da batir, kan tarawa da farko, na ragi daga baya, a tada mota ta yi minti goma sha biyar a tsaye. Ƙarar fambel ta 'yan daƙiƙoƙi ba komai ba ce. Idan ta ƙi dainawa, sabulu ko maiƙo ya hau shi.

Injin feshi mai ƙarfi

Ruwan famfo yana fitowa da ƙarfin bar (ma'aunin matsin ruwa) biyu zuwa huɗu. Injin wurin wankin mota yana bayar da bar 100 zuwa 150. Robobin da ke cikin soket an yi su ne don su tare ruwan sama da fantsamar hanya, ba wannan ba. Ruwa mai irin wannan ƙarfi yana kutsawa cikin soket ya zauna, bayan makonni fil ɗin ciki su yi kore, mota ta fara kawo matsalar da ke zuwa ta tafi, wadda ta fi kowace wahalar ganowa. Yana wanke giris daga boris ɗin altaneta da na ƙananan tayoyin da fambel ke bi, bayan wata ɗaya ko biyu a fara jin kuka, mai mota kuma ba zai danganta shi da wankin ba. Yana kwantar da siraran haƙoran lagireto, iska ta kasa wucewa. Mafi muni, idan aka saita shi a bakin bututun iska ruwa ya kai cikin silinda: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya tarar da shi, sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe. Wannan sai an sauke inji. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Duk da haka yana da wurinsa. Hilux ko tifa da ta kwana tana kutsa laka a hanyar gona, ƙasan inji, kwanon mai, giyabos da bayan tayoyi ba abin da zai fitar da su sai shi. A can a yi amfani da shi, daga ƙasa. Idan dole sai an ɗaga bonet, a rufe duk abin da aka lissafa a sama, a sa bakin da ke baza ruwa kamar mafici, a tsaya nesa da aƙalla rabin mita, hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsofaffin injinan gas masu famfon mai na ƙarfe sun fi jurewa don ba su da fulogi da kwayil, amma Hilux na zamani cike yake da sensa da wayoyi kamar kowace mota. Akwai masu cewa a bar inji yana aiki lokacin feshi don kada ya ƙi tashi. Wannan ya fi haɗari: inji mai aiki zuƙar iska yake yi, zai zuƙi ruwan tare da ita, ga fanka da fambel suna juyawa.

Lagireto da kwandensa ruwa mai laushi suke so, a miƙe ba a karkace ba, kuma daga ɓangaren inji zuwa waje idan hannu zai kai, don dattin ya koma ta inda ya shigo.

Mota mai haɗin batir da fetur, irin Prius ko Camry haibirid, wayoyinta masu launin ruwan lemo suna ɗauke da sama da bolt 200. Ita iska da tsumma kawai, ko a kai wa wanda ya san ta.

Kananzir, gas da fetur

Gaskiya ne suna narkar da maiƙo fiye da sabulu, shi ya sa makanikai ke son su. Amma fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta tun a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, wato a kowane yanayi namu a shirye yake. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan mota ya bi ƙasa har inda mai shayi ko mai walda yake. Tartsatsin kan batir ya ishe shi. Fetur ba abin wankin inji ba ne, ko a buɗaɗɗen fili.

Kananzir ana ganin kamar ba shi da haɗari, amma daga wajen digiri 38 yake fara fitar da tururi mai kamawa, zafin Birnin Kebbi kuwa a watan Afrilu yana wuce 40 a inuwa, balle jikin injin da bai gama hucewa ba. Gas sai ya haura digiri 50, ya fi su dama ta wannan fuska, sai dai ba ya bushewa. Yana barin laushin mai a ko'ina, mota ta yi tafiya ɗaya zuwa Zuru ta dawo ƙura ta manne fiye da da. Dukansu kuma suna kumbura irin robar da ake yin tiyon lagireto da fambel da ita, ta yi laushi ta fara saɓulewa. Inda kananzir ya dace shi ne ƙarfen da aka kwance aka sa a kwano, nesa da mota. A jikin mota kuwa, iyakarsa ɗan tsumma a kan dunƙulen maiƙo a ƙarfe zalla, inji a sanyaye, batir a cire, a bi da sabulu nan take.

A nan ne ma ya kamata mai sayen mota ya buɗe ido. Injin da aka shafe da gas ko baƙin mai yana walƙiya a wurin dillali ba alamar lafiya ba ce. Sau da yawa yoyo aka rufe. Masu shafa man burki don tiyo ya yi baƙi kuma su sani yana cin fenti.

Ruwan wankin da ya kwaso mai kada a bar shi ya gangara rijiya, fadama ko gulbi. Masu kai mota bakin ruwa a Yauri ko Argungu su wanke jiki idan sun ga dama, inji dai a yi shi a tudu, a shimfiɗa kwali ko yashi a ƙasa ya tsotse, a kwashe.

Idan an riga an wanke, mota ta ƙi

Kada a yi ta murza makulli. A fara buɗe akwatin matatar iska. Idan matatar ta jiƙe ko akwai ruwa a bututu, a dakata, a kira makaniki ya cire fulogai duka ya juya inji ruwan ya fito ta ramukan. Idan wurin a bushe yake, a ciro kwayil ɗaya bayan ɗaya, a busa ramin da iska tun fulogi yana ciki, don in aka fara cire fulogi ruwan cikin silinda zai faɗa. A mota mai distiributa a buɗe murfinta a goge cikinsa, a ɗan fesa maganin korar danshi na WD-40. A duba akwatin fiyus. Idan mota ta tashi amma fitilar cek injin tana ƙiftawa, kada a hau hanya da ita: ɗanyen fetur yana wucewa salansa, yana ƙona matatar hayaƙin da ke ciki, ita kuma ta fi kwayil tsada nesa ba kusa ba.

Wanda ya wanke maiƙo bai gyara inda yake fitowa ba, cikin wata guda zai koma gidan jiya. Amfanin wankin shi ne ya nuna bakin yoyon. Bayan inji ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a yi tafiyar kwana biyu, a ɗaga bonet da tocila. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, saboda haka a bi sawunsa zuwa wuri mafi tsawo kuma mafi gaba da hodar ta jiƙe. Yawanci gasket ɗin murfin saman inji ne, ko sensar mai, ko tiyon man sitiyari da ya saki a bakin maɗaurinsa.